Ranar da Aka Zo Ɗaukar Injin Ɗana

Mu shida ne a gidan a ranar. Da ni, da ɗana na fari wanda ba na kiran sunansa, da matarsa mai aikin nas a asibiti, da wani Buzu mutumin Agadas mai jan tirela, abokin ɗana tun zuwansa ƙasar nan. Sai baƙi biyu: wani dattijon Bature mai kiwon dawaki a Summerfield, da matarsa, wadda da farko ko saukowa daga mota ba ta yi ba. Jikokina suna islamiyya, don ranar Asabar ce. Ni ban yi boko ba, ban taɓa riƙe alƙalami ba. Amma abin da idona ya gani ba ya ɓace mini, shi nake faɗa ana rubutawa.

Buzu ya zo ɗaukar inji ne. Injin yana cikin garejin da ke bayan gidan, ƙato, mai nauyin bijimin sa, yana juya ƙarfe yana fiƙe shi kamar ana fere rake. Da shi ɗana yake gyaran bindigogin maharba. An riga an yi cinikinsa da wani mutum a can wata jiha, kuma an shirya cewa da zarar baƙon ƙarshe ya karɓi bindigarsa, za a ɗaure injin da sarƙa a ɗora a tirela. In ya fita daga gidan, ƙira ta fita daga zuriyarmu ke nan. 'Yan'uwan yaron da ke gida, wani tela ne, wani yana sayar da waya. Shi kaɗai ya rage mai taɓa ƙarfe.

Mu maƙera ne gaba da baya. Mahaifina maƙeri ne, mijina, Allah ya jiƙansa, maƙeri ne, kuma a duk yankinmu shi ake kawo wa bindigar toka in ta ƙi tashi. Yaron nan karatu ya zo yi Greensboro, ya ƙare a wani kamfani mai yanka ƙarfe. Jini ba ya ƙarya. Wani abokin aikinsa ya nuna masa bindigar farauta mai matsala, ya gyara, wani ya gaya wa wani. Ya nemi lasisin gwamnati ya samu, ya ci bashi ya sayi inji, ya rage kwanakin zuwa kamfani. Lokacin da na zo wankan jegon autarsu na zauna, na tarar garejin yana warin mai da ƙurar itace, sai na ji kamar na shiga gidan ubana. Ban gaya wa kowa ba.

Aikinsa yana da kyau, wannan ba don ɗana ba ne. Nakan ga bindiga ta shigo tsohuwa, ƙotarta ta tsage, ta fita kamar amarya. Amma gidan ba ya ci daga gare ta. Matarsa ta ƙara shif a kan shif. Nakan leƙa ta taga in ga ta dawo daga aiki ta kashe mota, ta jingina kanta da sitiyari, ta daɗe kafin ta iya buɗe ƙofa. Ƙafafunta sun kumbura har takalmin aiki yana yi mata zane. Ba ta taɓa kawo mini ƙara ba. Yarinya ce mai kunya, amma ba wawuya ba ce.

Ga kuma firiza. A kusurwar garejin akwai wani dogon firiza mai kama da makara, cike da naman barewa. Duk maharbin da ɗana ya yi wa aiki, in lokacin farauta ya zo, sai ya kawo nama a naɗe cikin farar takarda, yana murmushi. Ɗana ya karɓa ya yi godiya ya saka a firiza. Ba wanda ke ci. Wani ba mu san yadda aka yanka shi ba, wani kuwa matarsa ta karanta rubutun jikin takardar ta ce masu niƙa shi sun haɗa da kitsen alade don ya yi taushi. Zubarwa almubazzaranci, mayarwa cin fuska. Haka naman ya yi ta taruwa, ana biya masa kuɗin lantarki kamar ɗan haya.

Na ga duk wannan na yi shiru. Wanda bai san mu ba zai ce me ya hana ni magana. Ɗan fari ne. Mu ba ma shiga sabgar ɗan fari, ba ma yabonsa, ba ma nuna mun damu da shi. Ko ruwa zan ce ya ba ni, sai in ce wa bango, “Da akwai ruwa a gidan nan kuwa?” Kuma a zuciyata na ɗauka tsoron Turawa ne ke hana shi faɗin kuɗinsa, ko taushin zuciya. In baƙi maza suka zo nakan shige ciki, ban taɓa ganin yadda ake rabuwa da su ba.

Ranar nan dai na ce ko ba komai zan ga fitar injin da idona. Na ɗauki kujerata da carbina na zauna a bakin gareji.

Buzu na ganina ya washe baki. Tsakanin maƙera da Buzaye akwai wasa tun kaka da kakanni, kuma wannan ba ya barin bashi.

“A'a, yau baiwata ta fito shan iska? Hajiya, ki shirya, in na gama ɗora injin ke ma zan ɗora ki. Mai gida ba ya barin kayansa a baya.”

Na ce, “Buzu, rufe bakinka kada rawani ya faɗi. Ba don mu ba, da takobinka kara ne. Kakanka da me ya yi yaƙi, da cokali?”

“Bon, bon. To ga ƙarshen taƙama, yau a kamiyona, kan tirelar nan, uwar maƙerarku za ta kwana.”

Ya yi dariya, amma da ya dubi ɗana sai dariyar ta tsaya. Ɗana yana goge bindigar Baturen da tsumma, bai ɗago ba.

Wannan bindigar ta ci masa duk lokacin zafi. Ta mahaifin Baturen ce. Shi dattijon idonsa na dama ya mutu, doki ne ya harbe shi a fuska, ga shi kuma tun yana yaro a kafaɗar dama yake ɗora bindiga, tsufa ya hana shi koyon hagu. Sai ɗana ya sassaƙa masa ƙota mai lanƙwasa, yadda gindinta zai zauna a kafaɗar dama, bakinta kuma ya zo daidai idon hagu. Ya auna masa kafaɗa da wuya da kumatu kamar tela. Itacen wani mai duhu ne mai tsada da ake aiko da shi daga nesa. Na farko ya tsage masa a daidai lanƙwasar, don ya yi gaggawa ya yanka ba bisa jijiyar itacen ba. Ya ɗauka ba wanda ya gani. Ni ina shanya a lokacin, na ji ƙarar, na ga ya tura guntayen ƙarƙashin benci. Ya sayo wani ya sake daga farko.

Da hantsi motar Baturen ta shigo. Dogo ne, ya ɗan rankwafa, da hular kaboyi. Ya cire hular ya gaishe ni, na amsa da kai. Ɗana ya miƙa masa bindigar. Ya duba ya tabbatar ba harsashi, ya ɗora a kafaɗa ya nufi wata bishiya a bayan gida. Ya sauke. Ya sake ɗorawa. Sai ya shafa ƙotar da tafin hannu a hankali, yadda ake shafa wuyan doki. Ya yi magana, ya laluba aljihun baya. Turancina bai wuce na gaisuwa da na kanti ba, amma tambayar nawa ba ta bukatar tafinta.

Sai ɗana ya ɗaga kafaɗa ɗaya, ya karkatar da kai, ya buɗe tafin hannu, ya yi ɗan murmushi yana kallon ƙasa.

Carbin ya tsaya a hannuna. Mahaifinsa na gani a tsaye. Kafaɗar ce, kan ne, hannun ne, ba abin da ya rage. Haka mijina yake yi in maharbi ya ce nawa zai bayar: “Haba, tsakaninmu? Kawo abin da ya sauƙaƙa.” Maharbi ya ajiye ɗan abin goro ya tafi, in ya yi kisan farko ya aiko da karfata. Yaron nan ya tashi yana ganin haka, ya ɗauka shi ke nan cinikin. Ashe ba tsoro ba ne, gado ne ya ɗauko, amma rabi ya ɗauko.

Ɗaya rabin a hannuna yake. Maƙeri ba ya yanke kuɗin hannunsa da bakinsa, abin kunya ne. Amma kafin maharbi ya taka ƙofar maƙera, ni na riga na yafa mayafi na bi ta ƙofar baya na je wurin matarsa. Mu zauna a kan tabarma in gaya mata: kwanakin da maigidana ya yi a kan bindigar mijinki bai je gona ba, ku za ku ciyar da gidansa. Ga kuɗin ƙarfe da gawayi. Ga ɗan abin da za a ajiye don ranar da masaba ta karye. Ta ce ya yi yawa, in ce bai yi ba, mu daidaita. Hatsi ko kuɗi su biyo ta ƙofar baya, maza kuma su yi ta “haba, tsakaninmu” a waje, kowa da mutuncinsa. Haka uwata ta yi wa ubana. Ba a yi a gaban yara, to ta ina zai sani?

Na miƙe. Gwiwata ta yi ƙara, Buzu ya ce, “Hajiya, a sa miki mai?” Ban kula shi ba. Na shiga kicin na tarar da surukata tana yanka albasa, idonta ja, kuma ba albasar kaɗai ba ce.

Na ce, “Ke 'yar nan, ajiye wuƙar. Zuba dubulan a faranti ki biyo ni.”

“Ina za mu, Mama?”

“Wurin matar can da ke cikin mota. Za ki juya mini magana. Kada ki ƙara gishiri, kada ki rage.”

Da na gaya mata abin da zan ce, sai ta dafe ƙirji. “Mama, wallahi ba a yin haka a nan. Zai ji kunya. Za su ce mun haɗa baki ne mu cuce su.”

“Injin da za a fitar a tirela maƙwabta na kallo, shi ba kunya ba ne? Ɗauki farantin.”

Muka bi ta ƙofar kicin, muka zagaya ta bayan tirelar Buzu yadda maza ba za su gan mu ba. Matar tana zaune a mota da wani kare a kujerar gaba kamar ɗan gida. Na tsaya nesa kaɗan. Ta lura, ta tura karen baya ta sauko. Gajera ce, gashinta fari, hannuwanta duk sun yi kanta. Da na ga hannun nan sai hankalina ya ɗan kwanta. Mai irin wannan hannu ta san abin da aiki yake ci.

Ta ɗauki dubulan ta ci ta yaba. Na tambayi dawaki, ta ce lafiya, ɗaya ta kusa haihuwa. Na ce Allah ya sauke ta lafiya. Sannan na shiga magana. Na ce a garinmu maƙeri ba ya faɗin kuɗinsa, matan gida ne ke faɗa wa juna. Na ce ɗana ya gaji shirun, bai gaji faɗar ba. Na nuna mata tirela na ce wannan ta zo ɗaukar injin ne, don aikin ba ya ciyar da gidan.

Surukata ta juya mata. Matar ta dubi tirela, ta dubi gareji, ta saki wani dogon numfashi ta yi magana mai tsawo.

“Me ta ce?”

“Ta ce mutumin da ke sa wa dawakinta takalmin ƙarfe, shi ma maƙeri ne, kuma kafin ya sauke kayansa daga mota yake gaya mata abin da zai karɓa. Ta ce mijinta tun a hanya yake fama, bai san me zai bayar ba. In ya ba da kaɗan ya zama ɓarawo, in ya ba da da yawa yana tsoron ya zama zagi. Ta ce akwai abokan farautarsa da suka ƙi kawo manyan bindigoginsu, wai mutumin da ba ya faɗin farashi, ko bai yarda da aikinsa ba ne, ko akwai abin da yake ɓoyewa.”

Na ce, “To naman fa? Tambaye ta naman.”

Ashe ɗana ne ya taɓa ba mijinta labari cewa a ƙasarsu da karfatar nama ake biyan maƙeri. Mijin ya kai labarin wurin maharba, suka ɗauka abin da ya fi so ke nan, suka riƙa zaɓo masa mafi kyau. Surukata ta gaya mata zancen kitsen alade, da firizan da ke cike. Matar ta rufe baki da hannu biyu. Ta kira sunan Allah da yarensu. Sai dariya ta ƙwace mata, ta kama surukata, su biyu suka jingina da mota suna yi har da hawaye. Ni ban yi ba. Ba a gama ciniki ba.

Na ce a zo ga magana. Surukata ta san kwanakin da mijinta bai je kamfani ba saboda wannan bindiga, don ita ta cike gurbinsu da ƙafafunta, kuma ta san abin da yake samu a yini in ya je. Ta san kuɗin itace da na mai da na wuta. Na ce a ɗora abin ajiya don ranar da injin zai lalace. Ta haɗa a kanta ta faɗa. Sai na ce, “A cire itacen farko, da kwanakin da ya yi a kansa.”

Surukata ta dube ni. “Wane itacen farko, Mama?”

“Yana ƙarƙashin benci. Shi ya ɓata da hannunsa, nasa ne. Ba a ɗora wa maharbi gaggawar maƙeri.”

Da aka juya wa matar, ta ce a bar shi a ciki, kowa yana kuskure. Na ce a'a, ba bara muka zo ba, haƙƙi muka zo nema, kuma haƙƙi in ya wuce iyakarsa ya zama na wani. Aka cire.

Ba zan faɗi adadin ba, ba a tallan cinikin gida. Amma ko bayan cirewar, da matar ta ji shi sai dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta riƙa murza zoben hannunta. Ta ce ba ta ce ya yi yawa ba, sun taɓa tambayar wani mai irin wannan aiki a wata jiha, abin da ya faɗa ya fi haka, kuma ya ce sai su jira shekara. Amma wannan kuɗin ciyawar dawakinsu ne na hunturu, ba su da shi a dunƙule. Ta ce sai ta yi magana da mijinta.

Na ce a garinmu ma maharbi yakan biya rabi, rabi sai bayan girbi. Ta ce nasu girbin sai an sayar da ɗan dokin da za a haifa. Na ce Allah ya kai mu. Ta nufi gareji.

In mutumin nan ya ji haushi ya ajiye abin da ya ga dama ya tafi, na rasa injin, na kuma zubar wa ɗana da mutunci a gaban baƙo da aboki. Na bi ta a hankali ina karanta abin da ya zo bakina.

Ta ja mijinta gefe. Na ga wuyansa ya yi ja, jan ya hau har kunnuwa. Ya dubi firiza. Ya dubi tirela. Ɗana ya dubi matarsa, ta sunkuyar da kai, sai ya gane daga inda iskar ta taso. Ya zo inda nake ya rage murya.

“Inna, me kika yi?”

Na ce wa bango, “Abin da aka saba yi.”

“Kin kunyata ni. Mutumin nan kamar uba yake a wurina. Baba bai taɓa tambayar kowa kuɗi ba, ina tsaye ina gani.”

Ranar na karya al'ada na dube shi ido cikin ido. “Kai, tuwon da ka ci ka girma, da ‘haba, tsakaninmu’ aka tuƙa shi? Ubanka bai taɓa tambaya ba don ni na riga na tambaya. Kana tsammanin ziyara ce ke kai ni gidajen maharba da mayafi a tsakar rana?”

Buzu, da ke riƙe da sarƙa, ya ce, “Wallahi na daɗe da sanin matan maƙera sun fi mazansu kaifi. Mu da muka mallake ku mun sani.”

“Ka yi mana shiru, mai rawani.”

Baturen ya matso. Bai yi murmushi ba. Ya nuna ɗana da yatsa ya yi magana da ƙarfi, har na ce shi ke nan, an ɓata. Na taɓa surukata.

“Mama, faɗa yake yi masa. Ya ce tun da idonsa ya mutu ya ɗauka shi da bindigar babansa sun rabu ke nan, yau ya ɗora ta ya ga bishiya sarai. Ya ce da an bar shi ya biya ɗan abin da ke aljihunsa, ya dawo baɗi ya tarar an rufe gareji, da wa zai kai wa ita in ta samu matsala? Ya ce nan gaba kada ya ƙara taɓa bindigar kowa sai ya faɗi kuɗinta.”

Sai dattijon ya juyo gare ni, ya ɗaga yatsa ɗaya ya ƙara wata magana.

“Ya ce ya yarda, rabi yau, rabi in an sayar da ɗan doki. Amma da sharaɗi. Duk shekara kafin farauta zai kawo ta a duba masa a goge, kuma ba zai biya ko sisi ba.”

Sai a lokacin na ji dariya ta zo mini. Na ce, “Gaya masa ashe ya san kasuwa. Gyara yake nema. Cinikin da ba gyara ai ba ciniki ba ne. An ba shi.”

Ya miƙo mini hannu, ya tuna, ya janye ya dafe ƙirji ya rusuna. Ya rubuta takardar banki a kan murfin firizan nan. Ɗana ya karɓa da hannu biyu, bai duba ba, kansa a ƙasa. Matar ta tafi da sauran dubulan a cikin tsumma.

Da ƙurar motarsu ta kwanta, Buzu ya karkaɗa sarƙa. “To, maƙera, ni fa man kamiyo nake ƙonawa. A ɗaure ko a bari?”

Amsar ba tawa ba ce, don ba ƙafafuna ne suka kumbura ba. Bindiga ɗaya ba ta biyan bashin inji, kowa a wurin ya sani. Muka dubi surukata. Ta daɗe tana kallon injin, ta goge hannunta da zani.

Ta ce, “A bar shi zuwa bayan lokacin farauta, mu gani. Amma daga yau, duk wanda ya kawo aiki, ni zan gaya masa kuɗin kafin a taɓa. Kai ka yi ta ɗaga kafaɗarka.” Ta juya ga Buzu. “Malam, ka kira mutumin da ya sayi injin ka ba shi haƙuri. In akwai abin da za a mayar masa, a mayar.”

Buzu ya jefa sarƙar cikin tirela. “Shi ke nan, an cuci Buzu. To ba inda za ni sai na ci tuwo, kuma da miyar kuka, kuma baiwata ce za ta kaɗa.”

Na kaɗa masa. Na zuba masa yaji har ya yi ta share hanci da gefen rawani.

Ɗana bai yi mini magana ba duk yinin. Na san yana jin zafi, kuma ban bi shi da lallashi ba. Amma da la'asar na leƙa na ga ya fito da guntayen itacen nan daga ƙarƙashin benci yana jujjuya su, sannan ya ɗauki kujerata da na bari a rana ya shigar da ita cikin gareji, ya ajiye a inuwa kusa da ƙofa. Na koma ɗaki na yi salla. Ƙirjina ya yi sakayau, irin yadda mutum ke ji in ya sauke tulu bayan doguwar tafiya, wuya na ciwo amma kai ya huta.

Washegari Lahadi, bayan na idar da azkar, na sa surukata ta ƙwanƙwasa wa maƙwabciyarmu, wata baƙar fata mai fara'a da ke dafa wa mabukata abinci a cocinsu. Muka kwashe naman nan kaf muka cika mata bayan mota, tana ta ɗaga hannu sama. Na zare wayar firizan na bar ƙanƙarar ta narke. Na wanke shi da ruwan zafi da sabulu, na ɗauraye, na buɗe murfin na bar shi ya sha iska. Sannan na ɗauki tsintsiya na share garin ƙarfen da ke ƙarƙashin injin.